Daga akwatin magani zuwa kyautar magani: tarihin gamsuwar majinyaci a Nijar

Abu uku majinyaci ke aunawa kafin ya ce ya gamsu da gidan likita: nisan hanya, kuɗin da za a karɓa, da irin tarbar da za a yi mashi. Tarihin kiwon lafiya na matakin farko a Nijar ya bi waɗannan ukun ɗaya bayan ɗaya, amma bai yi masu adalci daidai ba.

Lokacin da ƙasa ta samu ƴancin kai a 1960, gidajen likita a birane da manyan garuruwa suke. Baƙauye sai ya yi tafiyar wuni bisa jaki ko amalanke, shi ya sa boka da wanzami da ungozoma suka ci gaba da riƙe lafiyar karkara. A cikin shekarun 1960 jihar Maraɗi ta gwada wata dabara: gari ya zaɓi mutanensa, a horar da su ƴan kwanaki, a ba su akwati mai ɗauke da nibakin, asfirin da maganin ciwon ido, a kuma koya wa ungozomomi tsabtar yankan cibi. Guy Belloncle da Georges Fournier sun rubuta littafi kan wannan aiki a 1975, shekara 3 kafin taron Alma-Ata na 1978 ya mai da irin wannan tsari manufar duniya. Amfaninsa a fili yake: mai ba da maganin ɗan gari ne, da harshen majinyaci yake magana. Rauninsa kuwa, aikin sa kai ne, kuma idan akwati ya ƙare ba kullum ake sake cika shi ba.

Faɗuwar kuɗin uraniyom a shekarun 1980 ta bar gidajen likita da magani kyauta a baki, kanta kuwa wayam. Daga nan shawarar Bamako ta 1987 ta kawo batun jama'a su sa hannu a aljihu. A 1993 aka yi gwaji: a Say, babba ya biya dala 40 duk lokacin da ya zo da ciwo, a Boboye, kowane mai biyan haraji ya ba da dala 40 a shekara, sannan dala 10 kawai ranar zuwa likita, Illela ta jihar Tawa aka bar ta yadda take domin kwatanci. A Boboye ne aka ga mata, yara da talakawa sun ƙara zuwa. Duk da haka, bayan dokar 1995, biya a bakin ƙofa shi ya game ƙasa. Magani ya samu, amma matar da sai ta jira miji ya sayar da hatsi kafin ta ɗauki yaro mai zazzaɓi ta riƙa isowa a makare.

Shirin musamman na shugaba Tanja Mamadu, daga 2001, ya gina ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2000 a ƙauyuka. A 2005 aka yafe kuɗin fiɗar haihuwa, a 2006 aka ƙara da awon ciki da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5. Iyaye mata suka cika gidajen likita, mutuwar yara kuma ta sauka daga 226 cikin 1000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Sai dai gwamnati ta riƙa jinkirin biyan gidajen likita kuɗin da suka kashe, bashi ya taru, magani ya yanke, uwa ta koma gida da takardar saye a hannu.

Batun tarba shi ne aka fi bari a baya. Binciken da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka wallafa a 2003 kan manyan birane 5 na Afirka ta Yamma, har da Yamai, ya nuna layi biyu ne a ƙofa ɗaya. Wanda ya san wani a ciki, ko ya yi lakwal yana jin Faransanci, ana gaishe shi, a yi mashi bayani. Wanda ba a sani ba, musamman matar karkara a ɗakin haihuwa, yakan sha jira da tsawa, ya fita bai ji sunan ciwonsa ba. Ma'aikatan ma suna da nasu kuka: albashi kaɗan, kayan aiki babu, majinyata sun yi yawa.

A nan ne auna gamsuwa ke da wuya. Mace mai kunya da kawaici, wadda ba ta da wani gidan likita kusa, in baƙo mai takarda ya tambaye ta, “alhamdu lillahi” za ta ce. Amsarta ta gaskiya tana cikin abin da ta yi daga baya: ko ta koma awo na biyu, ko ta haihu a gida, ko ta tsaya wajen mai tallar ƙwayoyi a kasuwa. Gini da doka sun rage nisa, sun sassauta kuɗi. Abin da Hausawa suka faɗa tun da daɗewa, cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, shi ne har yanzu ba a samu dokar da za ta tabbatar da shi ba.