Harsashin da Ba a Gani: Yadda Aka Rubuta Tarihin Ƙasar Hausa

Kowane bincike na ilimi, ko na likitanci ne ko na harshe ko na tattalin arziki, yana tsaye ne a kan wasu abubuwa da mai binciken ya riga ya ɗauka gaskiya ne tun kafin ya buɗe littafi ko ya tambayi kowa, kuma sau da yawa shi kansa ba ya lura da su. Masana falsafa suna mayar da waɗannan abubuwa ga tambayar mene ne yake akwai da za a bincika, da tambayar ta wace hanya ake sanin sa har a kira abin da aka samu hujja, sannan da tambayar don amfanin wa ake yin aikin. Tarihin yadda aka rubuta tarihin ƙasar Hausa a ƙarni na 20 fili ne mai kyau na ganin wannan al'amari, domin madogaran da masana suka yi amfani da su kusan iri ɗaya ne, amma sakamakon da suka fitar ya sha bamban, gwargwadon bambancin abin da kowa ya shigo da shi a ransa.

Turawan da suka fara rubutu a kan ƙasar Hausa bayan cin Kano da Sakkwato a 1903 sun zo da gado biyu daga jami'o'in Turai. Na farko shi ne tsarin da ake dangantawa da Bajamushen nan Leopold von Ranke, wanda ya ɗauki rubutacciyar takarda da ke ajiye a taskar gwamnati a matsayin uwar hujja, ta yadda al'ummar da ba ta da irin wannan taska sai a ɗauka ba ta da tarihi, sai dai tatsuniya. Na biyu, wanda ya fi ɓarna, shi ne ra'in Hamawa, wato zaton cewa duk wani abin ci gaba da aka tarar a Afirka, ko sarauta ce ko ƙira ko ginin birni, wasu baƙi masu hasken fata ne suka kawo shi daga arewa ko gabas suka ɗora a kan baƙar fata. C. G. Seligman ya ba wannan ra'i rigar kimiyya a littafinsa na 1930 a kan jinsunan mutanen Afirka, kuma tun kafin nan Carl Meinhof, masanin harsuna, ya jera Hausa da Fulatanci a cikin harsunan da ya kira na Hamawa.

H. R. Palmer, wanda ya yi aikin Razdan kuma daga baya ya zama Laftanan Gwamnan Arewa, shi ne ya fi kowa aiwatar da wannan tunani. A 1908 ya buga fassarar Ingilishi ta kundin Larabci na tarihin sarakunan Kano, kuma shi ne ya lissafa shekarun sarautar kowane sarki yana komawa baya har ya tsayar da hawan Bagauda a shekarar 999, adadin da ɗalibai suke haddacewa har yau tamkar yana cikin kundin, alhali lissafin mai fassara ne a kan rubutun da ba a kammala ba sai zamanin Sarkin Kano Muhammadu Bello, a ƙarshen ƙarni na 19. Palmer ya tara rubuce-rubuce masu daraja, ba wanda zai hana shi wannan yabo, sai dai idan ya tarar da sunan gari ko na ƙabila da ya yi kama da wani suna na Masar ko na ƙasar Larabawa, nan take sai ya ƙulla dangantaka. Ga mai irin wannan ido, labarin Bayajida, wanda ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Borno, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu ya auri sarauniyar Daura, bai buƙaci dogon nazari ba, tun da ya faɗi daidai abin da ake son ji, wato baƙo ne ya kawo mulki. Bai kamata a manta ba cewa wannan bayani ya yi wa mulkin mallaka daɗi ƙwarai, domin idan baƙi ne kullum suke tsara ƙasar, zuwan Turawan Ingila ya zama ci gaban tsohuwar al'ada kawai.

Rushewar ra'in Hamawa ta fara ne daga wani fanni dabam. Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano yana nazarin addininsu a ƙarshen shekarun 1930, ya ƙi yarda a haɗa launin fata ko kiwon shanu da rabon harsuna, ya ce kalmomi da nahawu kaɗai za a kwatanta. Da wannan sharaɗi ya nuna cewa Fulatanci ɗan'uwan Wolof da Serer ne na Senegal, Hausa kuma tana cikin dangin harsunan Cadi tare da ɗimbin ƙananan harsuna na Bauchi da Filato da arewacin Kamaru. Masu tonon ƙasa don neman kayan mutanen da su ma sun kawo tasu gudummawar, domin binciken da Bernard Fagg ya jagoranta a kan al'adar Nok ya nuna ana narka tama a Taruga ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa. Duk da haka, a 1963 Hugh Trevor-Roper, babban malamin tarihi a Oxford, yana ci gaba da cewa Afirka ba ta da wani tarihi da za a koyar in ban da na Turawan da suka shiga cikinta.

A Jami'ar Ibadan aka fara mayar da martani cikin tsari. Kenneth Dike, wanda littafinsa kan ciniki da siyasa a yankin Neja Delta ya fito a 1956, ya dage cewa 'yan Afirka su ne masu aikata tarihinsu, kuma labarin baka hujja ne idan aka tace shi, matsayin da Jan Vansina ya shimfiɗa wa ƙa'idoji a 1961. Ga malaman zaure na ƙasar Hausa wannan ba baƙon abu ba ne, domin ilimin isnadi, wato bin diddigin waɗanda suka ruwaito magana ɗaya bayan ɗaya da auna amincinsu, ya daɗe a hannunsu. Daga Ibadan Murray Last ya tafi Sakkwato ya zauna da taskar littattafan Waziri Junaidu, ya karanta wasiƙu da rubuce-rubucen masu jihadi da kansu. Littafinsa ya fito a 1967, shekarar da H. A. S. Johnston, tsohon jami'in mulkin mallaka, ya fitar da nasa, dukansu a kan daular Sakkwato. Johnston ya kira ta daular Fulani, Last ya kira ta halifanci, kuma bambancin ya wuce na suna, domin na farko ya ɗauki ƙabila a matsayin abin da ke motsa tarihi, na biyu kuma ya ɗauki aƙida da tsarin shari'a da mutanen suka ce a kansu suka tsayu.

Wanda ya fi zurfafa wannan gyara shi ne Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ya musulunta, kuma ya assasa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. A maƙalarsa ta 1970 kan kafuwar dauloli a ƙasar Hausa ya sauya tambayar gaba ɗaya: maimakon neman wanda ya kawo sarauta, sai ya nemi yanayin da ke sa mutane su buƙace ta. Ya bi yadda ƙauye, wanda jini ɗaya ya haɗa, yake zama gari idan baƙi masu sana'o'i suka taru, da yadda gari yake zama birni mai ganuwa inda aka sami ƙasar noma da tama da hanyar fatake da wurin tsafi irin Dutsen Dala, har biyayya ta tashi daga kan dangi ta koma kan sarki da masu sarautarsa. A wannan karatu labarin Bayajida bai zama ƙarya abin yarwa ba, ya zama shaida a kan yadda gidajen sarauta suka so a fahimci dangantakarsu a lokacin da labarin ya kafu, wanda tarihi ne shi ma, amma na wani zamani dabam.

Ɗalibinsa Yusufu Bala Usman ya kai maganar inda malamin bai kai ba. A nazarinsa na Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981, ya ƙi amincewa da raba mutane gida biyu, Haɓe da Fulani, a matsayin mabuɗin jihadi, ya nuna cewa akwai Hausawa da Fulani a kowane ɓangare, kuma abin dubawa shi ne ƙasa da haraji da fatauci da matsayin malamai da talakawa a gaban masu sarauta. Ya kuma juya wuƙar tacewa kan madogaran Turawa, ya bi rahoton Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina a shekarun 1850, yana tambayar wa ya ba shi labari, a gidan wa ya sauka, da wane tunani ya taso daga Jamus. Wannan ita ce babbar gudummawar mazhabar Zariya, wato ta Smith da ɗalibansa, domin ta hana a ɗauki rubutun Bature a matsayin ma'aunin da ake gwada sauran hujjoji da shi.

Ita ma mazhabar tana da nata harsashin. Karkatarta ga ra'in Markisanci, wanda ke ganin hanyar samar da abinci da mallakar dukiya su ne tushen sauyin al'umma, ta sa wasu rubuce-rubucenta suka rage wa imani nauyi, kamar dai wanda ya bar gidansa ya yi hijira zuwa Gudu a 1804 haraji kaɗai ya kore shi. Marubuta irin su Ibraheem Sulaiman sun tashi a shekarun 1980 suna karanta jihadin daga cikin ma'aunin Musulunci, kuma ƙorafinsu yana da ƙarfi, ko da yake wanda ya ɗauki bayanin masu nasara a kan kansu ba tare da tacewa ba zai rasa muryar Gobirawa da ta Katsinawan da suka koma Maraɗi. A Nijar, inda zuriyar waɗannan suke, masana irin su Djibo Hamani sun rubuta tarihin Adar da Abzin daga wata kusurwa da ba ta sa Sakkwato a tsakiya ba.

Tsohon zaton kuwa bai mutu ba. A 2004 Dierk Lange, masanin tarihi Bajamushe, ya fitar da littafi yana neman asalin sarautun Hausa da na Borno a tsohuwar Gabas ta Tsakiya, yana kafa hujja da kamannin sunaye da na bukukuwa, ciki har da bikin Gani na Daura, kuma masana da dama sun ƙi karɓar wannan bayani saboda hanyarsa ta yi kusa da ta Palmer. A makarantun firamare na Kano da Katsina da Damagaram kuma, yara da yawa suna fara sanin asalinsu ne ta labarin baƙon Bagadaza, ba tare da an gaya musu cewa tun 1970 aka yi wa labarin wani karatu a Zariya ba.