Mafarkin Zubewar Haƙori: Gadon da Zango da Maƙwabtansa Kiristoci Suka Ci Tare

Duk wanda ya tashi a Zangon Wagadugu, unguwar da Mosawa ke kira Zangouettin, ya san abin da ke biyo baya idan tsohuwa ta wayi gari ta ce ta yi mafarki haƙorinta ya fita. Gida yakan yi tsit. A aiki yaro ya sayo waina ko ƙosai a raba wa almajirai sadaka, sannan a shiga lissafin dangi: wa ke kwance ba lafiya, wa ke kan hanya. Idan kuma ka tsallaka titi ka ba maƙwabciyarka Kirista wannan labari, ita ma jikinta zai yi sanyi, ta ce ai mutuwa ce a cikin dangi. Sau da yawa ita ta ɗauka daga Baibul fassarar ta fito, mu kuma muna jingina ta ga Ibn Sirin. Tarihi ya nuna cewa fassarar ta girmi wannan jinginawa duka biyu, kuma ta daɗe tana kai da kawowa tsakanin Musulmi da Kirista.

Maƙwabtakar nan tamu ba ta yau ba ce. Kakanninmu fatake sun sauka ƙasar Mosi a kan hanyar goro ta Gwanja tun kafin sojan Faransa su shiga Wagadugu a 1896. Limaman Katolika da ake kira Pères Blancs sun kafa mishan a Koupéla a 1900, suka buɗe na Wagadugu a 1901, aka gina babbar majami'ar birnin tsakanin 1934 da 1936 a zamanin Bishop Joanny Thévenoud. 'Yan mishan na Assemblées de Dieu kuwa daga Amurka suka iso a 1921. Tun daga lokacin, kasuwa ɗaya muke ci, jana'izar juna muke zuwa, labarin mafarki ma yana ratsa katanga kamar yadda hayaƙin murhu ke ratsawa.

To, me Littafi Mai Tsarki na Kiristoci ya ce game da mafarkin haƙori? Bai ce komai ba. Daga littafin Farawa har zuwa na ƙarshe, babu mutum ɗaya da aka ba da labarin ya yi mafarkin zubewar haƙoransa. Mafarkai dai suna da yawa a ciki: na Yusufu ɗan Yakubu, na Fir'auna da shanu bakwai, na Sarki Nebukadnezzar wanda Daniyel ya warware, da na Yusufu mijin Maryamu a farkon Bisharar Matiyu. Shi kuwa haƙori, inda aka ambace shi ba a barci ba ne. A Zabura ana roƙon Allah ya kakkarya haƙoran mugaye, wato ya raba su da ƙarfinsu. A littafin Amos, haƙoran da ba su tauna komai ba alamar yunwa ce. A babi na 12 na littafin Mai-Wa'azi, raguwar matauna kwatancin tsufa ne. Babu inda aka haɗa haƙori da rasuwar ɗan uwa. Hasali ma, Yusufu ya shaida wa abokan zamansa na kurkuku cewa fassara ta Allah ce, Irmiya kuma ya yi kakkausan gargaɗi a kan masu fakewa da mafarki suna yaudarar jama'a.

Tsohon rubutun da ya fi shahara a kan wannan fassara na wani Bagirke ne mai suna Artamidorus, mutumin birnin Afisa a ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ya rayu a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, kuma ba Kirista ba ne. Shi ya ɗauki baki a matsayin gida, haƙora a matsayin mutanen gidan. Na sama manya ne, na ƙasa na bayansu. Na dama maza, na hagu mata. Haƙoran gaba yara, fiƙa masu matsakaicin shekaru, turame tsofaffi. Saboda haka wanda ya fita, shi ke nuna wanda za a rasa.

A ƙarni na 9 aka juya littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza, aikin da ake jinginawa ga Hunain ɗan Ishaƙ, likita Kirista mai fassara wa halifofin Abbasiyawa, wanda ya rasu a 873. A wannan zamani ne ilimin ta'abiri ya bunƙasa a tsakanin Musulmi. Muhammad Ibn Sirin, tabi'i mutumin Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, ya yi suna wajen fassarar mafarki, har littattafan da aka tattara bayansa suka ɗauki sunansa. A cikinsu ma baki gida ne: haƙoran sama maza na wajen uba, na ƙasa mata, fiƙa kuwa mai gida. Waɗannan littattafai, tare da na Abdulgani Annabulusi wanda ya rasu a 1731, su ne suka biyo ayari har suka iso zaurukan malamanmu.

Abin bai tsaya nan ba. A ƙarni na 10 wani Kirista a daular Rumawa ta Kustantiniya ya tattara littattafan mafarki na Larabawa, ya mayar da su Girkanci, ya sauya masallaci da majami'a a inda ya ga dama, ya sa wa littafin sunan Achmet ɗan Sereim, wato dai ɗan Sirin. A ƙarni na 12 aka fassara shi zuwa Latin, ya shiga Turai. Ke nan Musulmi ya karɓa daga hannun mai fassara Kirista, Kirista ya sake karɓa daga hannun Musulmi. A gefe guda kuma akwai wani ɗan ƙaramin littafi da talakawan Turai suka fi so, wanda aka laƙaba wa Annabi Daniyel ba tare da hujja ba. Jerin mafarkai ne da ma'anarsu a taƙaice, kuma a cikinsa zubewar haƙori rasuwar ɗan uwa ce.

Shugabannin ikkilisiya ba su yi na'am da wannan ba. Fafaroma Giregori Babba, wanda ya rasu a 604, ya rubuta cewa mafarki yana da tushe shida: cikar ciki, yunwa, ruɗin Shaiɗan, ruɗi gauraye da tunanin mutum, wahayi, da wahayi gauraye da tunani. Tun da mai barci ba ya iya rarrabewa cikin sauƙi, sai ya ce a yi taka-tsantsan. Kundin dokokin ikkilisiya na Gratian, na wajajen 1140, ya ambaci littafin nan na Daniyel na ƙarya a cikin abubuwan da ya hana Kirista dogara da su. Mai karatu zai ga kusancin wannan da abin da aka karantar da mu a makarantar zaure: mafarki iri uku ne, na Allah, na Shaiɗan, da na zancen zuci, kuma wanda ya ga abin ƙi ya yi tofi a hagunsa sau uku, ya nemi tsari, kada ya ba kowa labari. Malaman ɓangarorin biyu sun ja burki, amma tsoro ya fi su sauri.

A Wagadugu ta yau, amsar da Kirista zai samu ta danganta da ƙofar da ya ƙwanƙwasa. Fada na Katolika yakan ce masa ya yi addu'a ya bar gobe ga Allah, domin koyarwarsu ta hana duba da neman sanin gaibu. A majami'un Fentikos ana ɗaukar mafarki da nauyi. Wasu masu wa'azi, musamman waɗanda ake saurare a Facebook da YouTube, sukan ɗauko ayoyin Zabura su ce haƙori ƙarfi ne, zubewarsa kuwa alamar harin maƙiya a ɓoye, maganinsa azumi da addu'ar kuɓutarwa. Wannan sabon gini ne a kan ayoyin da ba mafarki suke magana a kai ba. Hatsarinsa a fili yake: da zarar an ce akwai maƙiyi, sai a fara nemansa, kuma yawanci a cikin gida ake samunsa. Ƙasar nan ta san tsofaffin matan da aka kora daga garuruwansu bisa zargin maita, har aka tanadar musu mafaka a cikin birnin nan. Mu ma ba mu tsira ba, domin akwai masu karɓar kuɗin rago a kan mafarkin dare ɗaya.

Fassarar ta yi ƙarko ne saboda ta dace da irin gidan da aka yi ta dominsa: babban gida mai kaka da baffa da kishiyoyi da jikoki, jere kamar haƙora a dasashi ɗaya. Irin gidajen Zango ke nan kafin 2003, lokacin da shirin ZACA na gwamnatin Blaise Compaoré ya rushe Zangouettin da unguwannin da ke kewaye da ita, dubban mutane suka watsu zuwa Ouaga 2000 da Nioko da wasu wurare. A da, mai mafarki yana leƙa ɗakuna ya ga kowa lafiya, hankalinsa ya kwanta. Yanzu sai ya ɗauki waya, kuma idan ba a ɗauka ba, tsoron ya ninka.

Akwai tsohon labarin sarkin da ya yi mafarki haƙoransa duka sun zube. Mai fassara na farko ya ce danginsa za su mutu a gabansa, aka yi masa bulala. Na biyu ya ce sarki zai fi dukan danginsa tsawon rai, aka ba shi riga. Magana ɗaya ce, harshe ya bambanta. Idan maƙwabcinka, Musulmi ko Kirista, ya zo maka da wannan mafarki, ka sani ba nassi ya gani ba, tsohon kwatanci ne da ya yi kusan shekara 1,900 yana yawo a duniya. Ka gaya masa alheri, ka hana shi zargin kowa, ka ce ya je ya gai da tsofaffinsa tun suna raye. Allah ya sa mu ga alheri a barci da farke.