Kafin ku ɗaga tutar kowa: rige-rigen Ingila, Faransa da Jamus a ƙasar Gwandu

1/ Jama'a, ku ɗan ba ni aron hankalinku. Shekaranjiya a mota daga Jega zuwa Aliero gardama ta ɓarke. Wani na cewa Amurka ta gama yayi, yanzu Rasha da Sin za su ƙwato mu. Wani na cewa ƙarya ne. Ni dai na yi shiru, domin wannan gardamar kakanninmu sun ga irinta da idonsu.

2/ Ni ɗan Maiyama ne, ina karatu a jami'ar da ke Aliero. Ba tarihi nake karantawa ba, sha'awa ce kawai. Amma duk garuruwan nan namu ƙasar Gwandu ce, kuma akwai lokacin da manyan ƙasashen Turai uku suka yi ta zarya a kanta, kowa da takardarsa a hannu.

3/ A lokacin Gwandu ba ƙaramar masarauta ba ce. Ita ke kula da yammacin daular Sakkwato. Nupe da Ilorin a kudu, Say da Liptako a yamma, duk nan suke kawo gaisuwa. Jega kuwa, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa, babbar kasuwa ce a hanyar fataken goro na Gwanja.

4/ Daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885 Turawa suka yi taro a Balin. Babu wakilin Gwandu, babu na Sakkwato, babu na kowace masarautar Afirka. Bayan taron sai kowa ya bazama neman sa hannun sarakuna, don ya nuna wa 'yan uwansa Turawa cewa shi ya riga zuwa.

5/ Ingila ta fara. A 1885 wani kamfaninta, wanda daga baya ya zama Royal Niger Company, ya turo Joseph Thomson. Ya samu takarda a wurin Sarkin Musulmi Umaru, ya samu wata a wurin Sarkin Gwandu Maliki. Sauri yake yi, saboda ayarin Jamusawa na tafe a bayansa.

6/ Ga inda gizo ke saƙar. A fadar Sakkwato da Gwandu, an ɗauki abin a matsayin izinin ciniki ga baƙi, su kuma su riƙa kawo kyautar shekara. Shi kuwa kamfani ya kai takardun Turai yana cewa an miƙa masa iko. Takarda ɗaya, fassara biyu.

7/ Faransa ba ta zauna ba. A 1891 hafsanta Monteil ya iso Sakkwato da tasa takardar. A 1895 kuma ayarin Jamusawa daga Togo, ƙarƙashin Hans Gruner, ya iso Gwandu ya karɓi tasa a zamanin Sarki Umaru Bakatara. Ku ƙirga: cikin shekara goma, manema uku.

8/ To ai wannan ita ce duniyar da ake ta ɗoki yanzu, wadda babu mai faɗa a ji guda ɗaya. Idan yawan manya shi ke kawo wa ƙarami 'yanci, da Gwandu ta fi kowa cin riba. Ku ji abin da ya biyo baya.

9/ Tun 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Say zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, suka ce kudu naka, arewa nawa. A 1897 sojojin kamfani suka ci Bida da Ilorin, Faransa kuma ta mamaye Say. Aka yi ta gutsurar Gwandu daga gefe-gefe.

10/ Ranar 14 ga Yuni 1898 a Faris suka sasanta. Suka zana iyaka kamar baka, mil 100 daga birnin Sakkwato. An yi mata gyara a 1904 da 1906. Daga wannan cinikin ne yau mutumin Kamba ya zama ɗan Najeriya, ɗan uwansa na Gaya ya zama ɗan Nijar. Takardar Jamus kuwa ta bi ruwa.

11/ Ranar 15 ga Maris 1903 Sakkwato ta faɗi. Gwandu ta miƙa wuya ba yaƙi. A ranar babu Bafaranshe ko Bajamushen da ya kawo ɗauki, duk da takardun abota da suka karɓa.

12/ Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 1906. Talakawa suka yi bore a Kobkitanda, ɓangaren Faransa, da Satiru, ɓangaren Ingila. Kishiyoyin nan biyu sai ga su baki ɗaya wajen murƙushewa. Aka shafe Satiru, aka tuɓe Sarkin Gwandu na lokacin.

13/ Kuma gaskiya ɗaya ce, ba Turawa kaɗai ke da laifi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shekara da shekaru Gwandu da Kabawan Argungu suna yaƙi. A 1902 sojan Ingila ya samu wurin zama a Argungu, daga nan wani ɓangare na rundunar ya tafi yaƙin Sakkwato.

14/ Mu dawo yau. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da Bazoum. ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai. Kawuna ɗan kasuwar albasa ne, na ga yadda ya riƙa lissafin buhunan da ba su da hanyar fita.

15/ Sojojin Faransa suka bar Nijar a Disamba 2023. Na Rasha suka sauka Yamai a Afrilu 2024. Amurka ta kwashe nata daga Agadas a shekarar. A Agusta 2024 muka ga tutar Rasha a zanga-zangar Kano. A Janairu 2025 Najeriya ta zama abokiyar ƙungiyar BRICS.

16/ Sai kuma daren 25 ga Disamba 2025, Amurka ta kai hari ta sama a jihar Sakkwato, gwamnatinmu ta ce da saninta. Har wani abu ya faɗo a Jabo, ƙasar Tambuwal, maƙwabtanmu. Wanda ke ganin siyasar duniya abin kallo ce a waya, to ga ta a bayan gari.

17/ Kada a ce ina kare Faransa ko Amurka. Abin da aka yi wa Libiya a 2011 har yau yankinmu na shan ɗacinsa, makamai sun watsu ko'ina. Kuma yawan masu saye yana da amfani, duk wanda ya taɓa kai albasa kasuwa ya san dillali ɗaya shi ke yanka farashi yadda ya ga dama.

18/ Amma mai kaya sai ya san darajar kayansa, ya iya karanta abin da aka rubuta, kuma kada ya zo kasuwa yana faɗa da ɗan uwansa. In ba haka ba, dillalai za su koma gefe su haɗa baki, ana gudun gara a faɗa gidan zago.

19/ Saboda haka duk yarjejeniyar da aka ce an sa wa hannu, da Amurka ce ko Rasha ko Sin ko Turkiyya, tambayata uku ce. Me aka rubuta a ciki? Wa ya gani kafin a sa hannu, majalisa ta gani? Ranar da manyan suka sasanta a tsakaninsu, mu ina za mu tsaya?

20/ Tuta dai tela zai ɗinka maka ita cikin minti goma. Ni abin da nake roƙo, mu samu matasa a Jega, Aliero da Maiyama masu karanta takarda kafin su yi tafi. Wanda kakanninsa suka ba shi labarin zuwan Nasara garinsu, don Allah ya ajiye mana a ƙasa mu ƙaru. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.