Birnin Soba Da Barcin Masu Bi

Yau za mu ba ku labarin wani tsohon birni na ƙasar Sudan, sunansa Soba. Hausawan Umdurman da Hartum sun san sunan, gama wanda ya tashi daga unguwar Alsahafa ya nufi kudu maso gabas, ya ƙetare kogin Nilu mai gangarowa daga Habasha, ba zai yi nisa ba sai ya taka kufansa. Amma kaɗan ne suka san dā can babban birnin Kirista ne, na ƙasar da ake kira Alwa.

Sarkin Alwa da kansa ya aika a kawo masa mai koyar da Bishara. A shekara ta 580 wani bishop, Lonjinus, ya taso daga arewa. Sarkin Makuriya ya tare masa hanyar kogi, sai ya bi ta hamadar gabas. An rubuta cewa raƙuma 17 suka mutu a tafiyar saboda zafi. Da ya iso, ya yi wa sarki da fadawansa baftisma, talakawa kuwa suka bi.

Birni ya bunƙasa. Wajen shekara ta 970 wani manzo daga Masar, Ibn Sulaim mutumin Aswan, ya ba da labarin Soba: manyan gidaje, da lambuna, da majami'u masu zinariya, da unguwa guda ta Musulmi. Masu tonon kufai da suka yi aiki can bayan 1980 suka tarar da tushen manyan majami'u na jan tubali, da dutsen kabarin wani sarki mai suna Dawuda.

To, ina duk wannan ya tafi? Masanan tarihi sun ce birnin ya daɗe yana raguwa, Larabawa makiyaya suka yi ta shigowa, mulki ya rarrabu, har wajen 1500 Soba ta faɗi, sarautar Funj ta kafu a Sannar a 1504. Amma akwai wani abu kuma. Tun farko daga Iskandariya ake naɗa musu bishop. Da hanyar Masar ta yanke, ba mai naɗa sababbin malamai. Wani firist na Fotugal, Alfares, wanda ya zauna Habasha daga 1520 zuwa 1526, ya ga mutum 6 daga ƙasar Nuba sun zo roƙon Sarkin Habasha ya ba su masu koyarwa. Sarki ya hana, ya ce shi ma daga Masar ake aiko masa da nasa. Wani Basiriye da ya ratsa ƙasar ya gaya wa Alfares akwai majami'u wajen 150 a tsaye, da gicciye a cikinsu, mutane kuwa suna marmarin bin Almasihu amma ba su san hanya ba.

Ku duba fa: gini yana nan, gicciye yana nan, sanin Ubangiji ya tafi. Abin da aka riƙe wajen shekara 900 ya zube. Bayan 1821, da aka soma gina Hartum, sai aka riƙa kwasar tubalin Soba ana ginin sabon gari.

Ba mu faɗi wannan domin mu zarge su ba, gama mutum shidan nan sun yi tafiya mai nisa neman haske. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Bangaskiyar da aka bar wa sarki da malami su riƙe, zanen aro ce, ba ta rufe katara.

Cikin Littafin Farawa, sura 28, Yakubu ya kwana a daji, ya yi matashi da dutse. Sai da ya farka ya gane Allah yana tare da shi a wurin, ba haikali, ba firist. Haka yake a rumfarka, ɗan'uwa. Sa'ad da kake awo, yana ganin bakin mudu. Sa'ad da baƙo ya ba ka kuɗi fiye da kima bai sani ba, yana nan. Ke ma uwargida, yana bakin murhu tare da ke. Mai tunawa da wannan ba ya jiran Lahadi kafin ya yi addu'a.

A 2023 yaƙi ya tashi a Hartum, jama'a masu yawa suka bar gidajensu da wuraren sujadarsu. Wanda ya gudu bai ɗauki majami'a a kā ba, abin da ke zuciyarsa kaɗai ya tafi da shi. Saboda haka ka karanta Littafi Mai Tsarki da bakinka, ka koya wa 'ya'yanka addu'a tun da sauran lafiya, kada ka buɗe rumfa da safe sai ka gode wa Mai ba ka rana.

Ubangiji ya sa mu zauna a faɗake, ya same mu da fitila a kunne. Amin.