Gyaran bambar mota ta roba: a duba cikinta kafin a kai mata wuta

Bamba, wadda makanikanmu na Damagaram suka fi kira parshok, ita ce ke fara shan duka a jikin mota, ko daga amalanken jaki a bakin Kasuwar Dole, ko ɗan kabu-kabu da ya taka birki a makare, ko akuya a hanyar Tanut. A zamanin Peugeot 504 ta ƙarfe ce, in ta lanƙwashe guduma ce maganinta. Yau kuwa kusan duk ƙananan motocin da ke shigo mana na hannu da bambar roba suke zuwa, kuma robar ba iri ɗaya ba ce. To a nan ne kuɗin jama'a ke salwanta, har da wanda ɗan'uwa ya turo daga Aljeriya ko Libiya don a tada motar haya.

Iri biyu ne suka shafe mu, kuma kamfani na buga sunan kowace a cikin bambar, ta ɓangaren da ba fenti. Wadda ta fi yawa ita ce mai alamar >PP< ko >PP+EPDM<, dangin robar kujerun biki. Tana narkewa a wajen digiri 165, in ta huce ta koma yadda take, shi ya sa ake iya yi mata walda. Ta biyun ita ce poliyuretan, mai alamar >PUR<, ƴar'uwar soson katifa. Wani Bajamushe mai suna Otto Bayer ya gano ta a 1937, kamfanin Pontiac na Amurka kuma ya sa ta a goshin motarsa GTO a 1968. An fi samunta a tsofaffin motoci da kayan ƙawa na gefe da na baya. Ruwan sinadari biyu ake haɗawa su daskare a mazubi, kuma daskarewar ba ta warwarewa, kamar dafaffen ƙwai ne, ƙarin wuta ba ya maida shi ɗanye.

Saboda haka in aka ɗora wa poliyuretan ƙarfe mai zafi, ba haɗewa take ba, ƙonewa take. Sai ta yi kumfa, ta yi hayaƙi, wurin ya zama danƙo-danƙo, daga baya ko gam ba ya kama shi sai an kankare. Hayaƙin nan guba ne ga huhu, kuma sau da yawa yaron shago ne ke sunkuye a kansa yana shaƙa.

In alamar ta goge, a goga sanfefa a ciki. PP laushi take yi tana dame sanfefar, poliyuretan kuwa gari take fitarwa, kuma cikinta yakan yi ruwan ɗorawa-ɗorawa. Ko a yanki ɗan ɓalli a jefa a ruwa: galibi PP tana tasowa, ɗayar ta nutse.

Gyaran poliyuretan da gam ake yinsa, irin mai kwalba biyu da ake cuɗawa wuri ɗaya, wanda ko ya bushe yana lanƙwasuwa. Za a ciro bambar a wanke ta da sabulu ciki da waje, don ƙurarmu da maiƙon inji ba sa barin gam ya kama. A huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba. A fafe bakin tsagar ya buɗe kamar kwarin kunya, a goge kewayenta da sanfefa mai kaushi, lamba 80, kusan faɗin yatsa uku kowane gefe. Daga ciki ake farawa: a shafa gam, a shimfiɗa ragar zaren gilas, a ƙara gam a kai. Sai ya bushe sannan a cika ta waje a goge. Ƙarfin gyaran duk yana cikin ragar nan ta baya da mai mota ba ya gani, don haka ku nemi a nuna muku kafin a maida bambar.

Lotsawa ba tare da tsagewa ba ta fi sauƙi. A kwara ruwan zafi, a tura da hannu daga ciki, a bi da ruwan sanyi.

Ita PP, waldarta na son ɓallin tsohuwar bamba mai alama irin tata. Robar jarkar mai, da muke ganin wasu na yankawa suna narkarwa a kai, wani iri ne daban. Tana mannewa a ido, ramin farko a hanyar Magarya ta ɓanɓare.

Akwai kuma masu ɗinke tsaga da waya, irin aikin gyartai da ƙwarya. Mu ba mu raina wannan ba, don yana riƙewa, kuma in gam bai samu ba ya fi barin bamba tana jan ƙasa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a lafta mastik na gyaran bodi a kai a fesa fenti. Mastik na ƙarfe ne, ba ya lanƙwasa. Roba kuwa tana motsi, tana buɗewa da zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, tana tsukewa da sanyin hunturu, sai ka ga fentin ya tsattsage. Fentin ma akwai ruwan da ake ƙara masa don ya bi robar.

Ba kowace bamba ce ta cancanci gyara ba. In rana ta cinye ta har tana karyewa a hannu kamar tsohuwar roba ta wanki, ko kunnuwan da ke riƙe ta duk sun tafi, gara a nemi ta hannu wajen masu kayan gyara a nan gari ko a Kano. Kuma duk lokacin da aka cire ta, a duba ƙarfen da ke kwance a bayanta, don shi ne ke tare karo, robar sutura ce kawai. In ya lanƙwashe ko ya tsage, shi za a fara canzawa, ko da kuɗin fenti zai jira wata mai zuwa.