Jibo Bakari da Jam'iyyar Sawaba: Adawa Daga Ƙetare da Abin da Ta Jawo wa Ƙasar Ƙonni da Adar

1. Gabatarwa

Kalmar "sawaba" tsohuwa ce a bakin Bahaushe. Asalinta Larabci ne, amma ta daɗe da zama 'yar gida: mutum yakan ce ya sami sawaba idan nauyi ya sauka daga kansa, ko ciwo ya yi sauƙi, ko wuya ta wuce. A shekarar 1950 jam'iyyar NEPU ta Kano ta shigar da kalmar cikin siyasa, kuma ba a jima ba ta ƙetaro iyaka, ta zama kirari, sa'an nan ta zama sunan jam'iyya a ƙasar Nijar. Daga 1959 kuwa ta koma kalmar da ake jin tsoron furtawa a kasuwa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin sawun jagoran wannan jam'iyya, Jibo Bakari, musamman shekarun da ya yi yana ja da gwamnatin Jori Hamani daga ƙasashen waje, da kuma nuna yadda nauyin wannan ja-in-ja ya faɗo a kan mutanen da suka zauna gida, irin na ƙasar Ƙonni da Adar.

2. Tasowarsa

An haifi Jibo Bakari a 1922 a Sudure, kusa da Yamai. Bazabarme ne, kuma ɗan'uwan Jori Hamani ne na jini, amma a Tawa ya fara shiga lakwal, a nan kuma Hausa ta zauna a bakinsa. Bayan ya gama makarantar horon malamai ta William Ponty a Sanagal, ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas. Wato tun kafin ya shiga siyasa ya san hanyar da ta tashi daga Ƙonni, ta bi ta Badagishiri, ta shiga Tawa, ya kuma san irin mutanen da ke binta.

An kafa jam'iyyar PPN, reshen RDA a Nijar, a 1946, shi kuwa ya zama babban magatakardanta. Da shugabannin RDA suka raba gari da 'yan kwaminis na Faransa wajen 1950, suka nemi shiri da masu mulki, Jibo Bakari ya ƙi binsu. Ya koma aikin ƙungiyoyin ƙwadago, a 1954 kuma ya kafa jam'iyyar UDN. Ƙarfinta yana wurin talakawan gari: direbobi da yaran mota, teloli, mahauta, 'yan goro, 'yan dako da ƙananan ma'aikata. Raƙumi ne tambarin tafiyarsu, giwa kuma ta RDA.

A 1956 aka zaɓe shi magajin garin Yamai. A wannan shekarar ya haɗa kai da jam'iyyar BNA, wadda sarakuna da yawa ke goyon baya, kuma a zaɓen watan Maris na 1957 haɗakar ta sami kujera 41 daga cikin 60. Da haka ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci majalisar gwamnatin Nijar.

3. Ƙuri'ar "I" ko "A'a"

A 1958 Janar Digol ya ba ƙasashen da Faransa ke mulka zaɓi: ko su zauna cikin tarayya da ita, ko su ɗauki 'yanci nan take. Sawaba ta yi kira da a ce "A'a", kamar yadda Seku Ture ya yi a Gini. To, amma Nijar tana maƙwabtaka da Aljeriya, inda Faransa ke yaƙi, tana kuma jingine da Nijeriya, wadda ke dab da samun mulkin kai. Saboda haka Faransa ba ta yarda ƙasar ta kuɓuce mata ba. Aka turo sabon gwamna, Kolombani, aka baza sojoji cikin karkara, aka kuma zuga sarakuna, waɗanda da ma suna jin haushin yadda gwamnatin Sawaba ta tuɓe waɗansu daga cikinsu.

Ran 28 ga Satumba 1958 aka sanar cewa "I" ta sami wajen kashi 78 cikin ɗari, alhali waɗanda suka fito jefa ƙuri'a ba su kai kashi 40 cikin ɗari na masu rajista ba. Gwamnatin Jibo Bakari ta faɗi a watan Oktoba. A zaɓen Disamba aka ce Sawaba ta ci kujera 11 a Damagaram da Tasawa, daga baya kuma aka soke su. Ran 12 ga Oktoba 1959 aka haramta jam'iyyar baki ɗaya. Da ƙasar ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, jam'iyya guda ce ke da bakin magana, jagoran adawa kuwa yana waje.

4. Zaman ƙetare

Jibo Bakari ya fara zama a Bamako, daga baya ya koma Akkara, ƙarƙashin inuwar Kwame Nkuruma. Daga can ya sa aka tura samari karatu a ƙasashen gurguzu, waɗansu kuma aka kai su koyon aikin soja a Sin, da Aljeriya, da Biyatnam ta Arewa, da Gana kanta. A Kano, 'yan NEPU sun ba 'yan Sawaba masauki, domin harshensu ɗaya, kukansu ma kusan ɗaya.

Abin lura a nan shi ne yadda saƙo ke zuwa gida. Yawancin magoya bayan Sawaba ba su yi lakwal ba, takardar Faransanci ba ta yi musu amfani. Da baki ake kai magana, cikin Hausa ko Zabarmanci, ta hannun direba da falke da ɗan cin rani. Adarawa kuwa sun shahara da cin rani: bayan kaka sukan gangara Sakkwato, da Kano, har bakin teku, su komo da faɗuwar ruwa. Birnin Ƙonni ita ce ƙofar wannan zirga-zirga, tana fuskantar Illelar Nijeriya, ga kuma Illelar Adar, mazaunin Sarkin Adar, can arewa. Kasuwannin da ke kan hanya, kamar ta Badagishiri, su ne matattarar mai dawowa da mai shirin tafiya. Gwamnati ma ta san da haka, shi ya sa ta zuba 'yan leƙen asiri da 'yan bangar jam'iyya a tashoshin mota da bakin iyaka.

Sai dai labarin da ya bi baki da baki yakan isa da ƙari. Abin da ke kai wa Akkara shi ne kukan jama'a game da haraji da cin zalin masu iko, kuma kukan gaskiya ne. Shugabannin da ke gudun hijira suka ɗauka cewa duk mai kuka a shirye yake ya tashi tsaye. Hausawa sun ce gani ya kori ji, su kuwa shekara biyar suna rayuwa a kan ji.

5. Damina ta 1964 da bayanta

A ƙarshen Satumba da farkon Oktoba 1964 mayaƙan Sawaba, waɗanda ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, suka shigo ƙungiya-ƙungiya ta iyakokin kudu da yamma, tun daga wajen Tera har Boso a bakin tafkin Cadi. Gwamnati ta riga ta sami labari. Ta umurci sarakuna da talakawa su fito da kwari da baka su yi farautar baƙin, kuma kowa ya san abin da zai sami garin da aka ce ya ɓoye su. A kusa da Birnin Ƙonni aka kashe Abubakar Ɗanduna, ɗaya daga cikin manyan jagororin mayaƙan, aka kai gawarsa Yamai aka ajiye a fili don jama'a su gani. Ran 13 ga Oktoba aka harbe mutum huɗu a Yamai a gaban taro. Cikin 'yan makonni tawayen ya watse.

Ran 13 ga Afrilu 1965, a filin idin babbar salla a Yamai, wani ɗan Sawaba mai suna Amadu Diyof ya jefa gurneti don ya kashe Jori Hamani. Shugaban ya tsira, wani ƙaramin yaro ya rasu. Kame-kamen da suka biyo baya sun haɗa da wanda ya ɗauki bindiga, da wanda ya ba baƙo ruwa, da wanda maƙiyinsa ya kai ƙara kawai. An kai fursunoni Agadas da Bilma, waɗansu ba su komo ba.

Da sojoji suka kifar da Nkuruma ran 24 ga Fabrairu 1966, Sawaba ta rasa mafaka, Jibo Bakari ya koma Konakiri. Wannan ita ce ƙaddarar mai adawa daga ƙetare: ƙarfinsa aro ne, ranar da mai masaukinsa ya faɗi, shi ma ya faɗi.

6. Komowa gida

Abin da Sawaba ta kasa yi da makami, fari da yunwa da sojojin ƙasa suka yi shi. Ran 15 ga Afrilu 1974 Saini Kunce ya kawar da Jori Hamani, aka saki fursunonin siyasa, Jibo Bakari ya komo bayan shekara 15. A watan Agusta 1975 aka kama shi tare da Sani Suna Siddo bisa zargin ƙulla juyin mulki, kuma sai cikin shekarun 1980 ya sami kansa. Bayan taron ƙasa na 1991 ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, domin yawancin masu jefa ƙuri'a ba su ga zamanin raƙumi da giwa ba. Ya rasu a Yamai ran 16 ga Afrilu 1998. A watan Oktoba 2024 hukuma ta cire sunan Digol daga wani babban titin Yamai ta sa nasa.

7. Kammalawa

An yi siyasar Sawaba da harsunan ƙasa, amma yawancin abin da aka rubuta a kanta a lokacin rahoton 'yan sanda ne da na kumandan, cikin Faransanci, da idon abokin gaba. Masanin tarihi Klaas van Walraven, wanda ya buga babban littafi a kan jam'iyyar a 2013, sai da ya bi tsofaffin 'yan Sawaba gari-gari kafin ya cike wannan giɓi. Wanda yake ɗan shekara 20 a 1964 ya haura 80 yanzu. Ya kamata masu bincike su ɗauki maganar irin waɗannan dattawa, maza da mata, a ƙasar Ƙonni da Malbaza da Badagishiri da Illela, na ɓangaren raƙumi da na giwa, a rubuta ta yadda suka faɗe ta, da karin harshensu na Adaranci. Masu tsara yaƙi da jahilci kuma za su sami littafin karatu wanda manoma za su so buɗewa, tun da labarin iyayensu ne ke ciki.