Daga Lofe Zuwa Sigarin Lantarki: Tarihin Taba a Hanyar Fataucinmu

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. A bikin cikar shekarar ƙungiyarmu mun saba waiwayar kayan da suka gina mu: riɗi, dawa, ƙaro, goro, atamfa da busasshen kifi. Bana mun ɗauko wani kaya da ya daɗe a cikin lodinmu amma ba a cika ambatonsa a taro ba, wato taba. Dalili kuwa, 'yan uwa da dama suna tambaya game da sigarin lantarki. Wasu dattawa ne da suka shekara talatin suna busa hayaƙi, suna neman mafita. Wasu kuma matasa ne da suka hango riba, suna so su san ko kayan saye ne. Amsar duka biyun tana cikin tarihi.

Taba baƙuwa ce a ƙasashenmu. Asalinta nahiyar Amurka, jiragen Turawa suka kawo ta gaɓar Afirka, kafin ƙarshen ƙarni na 16 ta kai Tumbutu, daga can ayari ya haye Sahara da ita zuwa Marrakish. Tun isowarta malamai suka rabu a kanta. Shaihu Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta fatawa wajen shekarar 1607 yana halatta ta. A Alƙahira, malaman Malikiyya biyu sun saɓa: Ibrahim al-Laƙƙani ya hana, Ali al-Ajhuri ya halatta. A nan ƙasar Sinnar, zamanin sarautar Funj, Shaihu Idris wad al-Arbab na cikin waɗanda suka ƙi ta. A Bagarmi, wadda ke kan hanyar alhazai, Muhammad al-Wali ya rubuta littafi sukutum kan haramcinta a ƙarshen ƙarni na 17. Malamai na muhawara, fatake na ɗaura kaya.

A ƙasar Hausa taba ta zauna daram. Baturen nan Heinrich Barth, da ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya tarar ana noma ta. Maza na zuƙarta a lofe ko su niƙa ta da kanwa su gumtsa, mata na cin furenta da goro don jan haƙora. Kanwar ba don ɗanɗano kaɗai ake sa ta ba. Ita ce ke sakin sinadarin nikotin daga ganyen, ya ratsa fatar baki ya shiga jini da sauri. Da kakanninmu suka biyo hanyar gabas ta Abeshe, Junaina, Fashir da Ubayyid, sai suka iske irin wannan haɗi a Sudan da wani suna: tumbak na Darfur, wanda ake cuɗawa da atrun. Saffar da ake dannawa a ƙarƙashin leɓe 'yar uwar taba garin Kano ce.

Sudan ta taɓa gwada hana taba da ƙarfin hukuma. Mahadi Muhammad Ahmad, wanda ya ci Khartum a 1885, ya haramta ta, aka riƙa yi wa masu sha bulala. Dokar ta ci gaba a zamanin Halifa Abdullahi har zuwa faɗuwar Omdurman a 1898. Shan taba ya koma ɓoye, cinikinta ma haka, kuma da daular ta faɗi sai ta fito kasuwa kamar ba a taɓa hana ta ba. Darasin da ke nan shi ne bulala na iya korar taba daga rumfa, amma ba ta cire ƙishirwar nikotin daga jikin wanda ya saba.

Jama'armu da yawa sun iso bakin Baharul Azrak bayan wannan zamani. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci masu hijira zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, aikin audugar Jazira ya jawo ƙarin mutanenmu, wasu kuma suka bi kogin zuwa kudu, Sinja da Abu Hujar har Rusairis, suna noman bakin ruwa, suna su, suna kasuwanci. A ƙauyukan nan taba ta gamu da wani shinge na daban. Ɗariƙar Tijjaniyya, wadda ke da mabiya da yawa a cikinmu, ba ta yarda da shan taba ba, ga kuma kunyar malam da ta iyaye. Wannan shinge ya tsare gidaje masu yawa, ya kuma fi bulala daɗewa.

Abin da ya sauya komai shi ne inji. Wajen 1880 wani Ba'amurke mai suna James Bonsack ya ƙera na'urar da ke naɗe karan sigari kusan 200 a minti guda. Sigari ya yi arha, ga shi ba nauyi, ba ya buƙatar lofe ko garwashi. Hayaƙinsa kuma ya fi na lofe laushi, ana iya zuƙe shi har cikin huhu, nikotin ya kai ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Kamfanin British American Tobacco ya buɗe masana'anta a Ibadan a 1937, aka buɗe ta Zariya a 1959, manoman yankin suka shiga noman ganye. A Sudan kamfanin Haggar ya fito da Bringi, wadda ta zama sigarin direban lori da lebura. Girman kasuwar ya bayyana a 2011, lokacin da kamfanin Japan Tobacco ya sayi kamfanin sigarin Haggar a kan dala miliyan 450. A yamma kuwa, daga shekarun 1970 sigarin ƙetare na cikin manyan kayan da alhazan Maraɗi ke wucewa da su zuwa Najeriya.

Kowane ɗan kasuwa ya san abin da ya sa sigari ya shiga lodi. Ba ya ruɓewa kamar albasa, ba ya jin ƙwari kamar wake, katan ɗaya na ɗauke da kuɗin buhuna da dama, mai saye kuma gobe zai dawo. Mai tebur na sayar da shi kara-kara, don haka ko yaro mai 'yan canji yana iya farawa. Ribar ta zo da wuri, lissafin asarar ya makara. A 1950 masu bincike biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna alaƙar sigari da sankarar huhu, a 1964 kuma babban likitan gwamnatin Amurka ya tabbatar da haka a rahotonsa. Doll ya bi diddigin likitocin Birtaniya shekara 50, ya gano cewa mai shan sigari na rasa kimanin shekara 10 na rayuwarsa. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a shekara. Tumbak ma bai fita ba: tun shekarun 1990 masu bincike na Sudan suka nuna yana ɗauke da sinadaran sankara masu yawan gaske, suka danganta shi da sankarar baki.

A nan akwai abin lura. Duk lokacin da tsoro ya tashi, sai kasuwa ta fito da sabon samfuri ta ce wannan ya fi sauƙi. A shekarun 1950 aka yayata sigari mai matata a gindi. Daga baya aka kawo wanda ake kira marar ƙarfi. Masu sha suka riƙa zuƙa da ƙarfi don su samu nikotin ɗin da suka saba, cutar kuwa ba ta gushe ba. An gudu wa gara an faɗa gidan zago. Saboda haka wanda ya ji ana yabon sigarin lantarki ya ɗaga gira, yana da hujja. Sai dai adalci ya sa mu faɗi inda wannan ya bambanta.

Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro sigarin lantarki na zamani a 2003. Shi kansa mashayi ne, mahaifinsa kuma sankarar huhu ce ta kashe shi. Na'urar ba ta ƙona ganye. Batir ne ke ɗumama wani ruwa mai nikotin, ya zama tururi, a zuƙa. Bambancin na nan ne, domin nikotin ne ke ɗaure mutum, amma ƙunar ganyen ce ke haifar da kwaltar da ke baƙanta huhu da iskar guba, cikin hayaƙin da ke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki masu jawo sankara. A 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ƙiyasta cewa illarsa ta yi ƙasa da ta sigari da kusan kashi 95 cikin 100. Masana da dama sun soki wannan adadi, amma akasarinsu sun yarda cewa gubar da ke cikin tururin ba ta kai ta hayaƙi ba.

Ko yana taimakawa a daina? A 2019 aka wallafa wani gwaji da aka yi a Ingila a kan mutum 886 masu son dainawa. Bayan shekara guda, kashi 18 cikin 100 na waɗanda aka ba sigarin lantarki sun rabu da sigari, su kuwa waɗanda aka ba cingam ko filastar nikotin kashi 10 ne. Abu biyu ya kamata mu riƙe. Na farko, duka ɓangarorin sun samu ma'aikacin lafiya mai bibiyarsu da shawara, ba na'ura kaɗai aka miƙa musu ba. Na biyu, cikin waɗanda suka daina ta hanyar na'urar, kusan takwas cikin goma na ci gaba da zuƙarta bayan shekarar. Sun kuɓuta daga hayaƙi, amma nikotin na riƙe da su.

Wanda ya haɗa biyun, na'ura a rumfa, sigari a hanya, bai tsira da komai ba sosai. Bincike ya nuna cewa kara ɗaya a rana na ɗauke da kusan rabin haɗarin ciwon zuciya da kara 20 ke jawowa. Ga mu 'yan hanya kuma akwai wata matsala. Na'urar na son caji, ruwanta daga nesa yake zuwa, galibinsa ƙirar Shenzhen. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, musamman daga tsakiyar 2024 da ya iso Sinja, mun ga yadda hanya ke rufewa dare ɗaya, wuta ta ɗauke, kaya su yanke. Mutumin da ya rataya dainawarsa a kan batir, ranar da batir ya mutu zai tarar da mai tebur na jiransa. Don haka wanda ya bi wannan hanya ya sa wa kansa wa'adi, yana rage ƙarfin nikotin wata bayan wata har ya ajiye na'urar.

Sai batun sari. Doka ba ɗaya ba ce a iyakokin da muke ketawa. Habasha ta haramta sayar da sigarin lantarki a dokarta ta 2019, don haka wanda ya bi da shi ta Galabat zuwa Matamma ya sa dukiyarsa a bakin kura. Indiya ma ta hana a wannan shekarar. A ƙarshen 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasashe 34 sun hana sayar da shi, ta kuma yi gargaɗi kan yadda yara ke rungumarsa. Ingila da kanta, wadda ta fi kowa yabonsa, ta hana irin wanda ake zuƙa a yar tun ranar 1 ga Yuni 2025. Irin wannan ne ya fi shiga hannun ƙananan 'yan kasuwa: mai launi, mai ƙanshin mangwaro da na'ana'a. Dattijon da ya shekara talatin da Bringi ba ƙanshin mangwaro yake nema ba. An yi shi ne don ɗan makarantar da bai taɓa kunna ashana ba. Kayan da ba a san masana'antarsa ba kuma ba wanda zai rantse a kan abin da ke cikin ruwansa.

Tarihin nan na shekara ɗari huɗu ya nuna taba na sauya riga, daga lofe zuwa gari, daga gari zuwa kara, yanzu zuwa na'ura, kuma kowane karo ɗan kasuwa ne ke kai ta inda ba ta taɓa zuwa ba. Ga dattijonmu mai tari da asuba, muna cewa lokaci bai ƙure ba. Binciken Doll ya nuna wanda ya daina yana da shekara 40 na ƙwato kimanin shekara 9, mai 50 ya ƙwato 6, mai 60 ma ya samu 3. Mafi alheri a bar taba gaba ɗaya, a nemi taimakon likita, a yi amfani da watan azumi, tunda wanda ya iya haƙuri daga asuba zuwa magariba ya riga ya san yana iyawa. In duk an gwada an kasa, komawa na'ura baki ɗaya ya fi ci gaba da hayaƙi, muddin an ɗauke ta kwale-kwalen tsallake kogi. Mai saffa ma kada ya ɗauka ya fi mai sigari tsira.

Ga matasanmu masu neman sabon kaya kuwa, riɗi da ƙaro da goro sun ciyar da gidajenmu tun zamanin jakuna da raƙuma, kuma ba su bar kowa a gadon asibiti ba. Yaran da ke wucewa ta gaban rumfunanmu a Abu Hujar 'ya'yanmu ne da jikokinmu. Kafin a ɗora katan a lori, a tambayi kai hannun wa zai ƙare.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka share mana wannan hanya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya dawo da zaman lafiya a Sudan, Ya sa albarka a cinikinmu. Amin.